Yadda Ake Barci a Bakin Aiki Bisa Doka

Matuƙin jirgin sama na cikin ma'aikata ƙalilan da hukuma ke zama ta ƙidaya musu awoyin barci. A Amurka, tun watan Janairun 2014, kamfani ba ya da ikon ɗora matuƙin jirgin fasinja a kan kujera sai ya ba shi hutun awa 10, kuma a cikinsu dole a samu awa 8 da zai kwanta ba mai taɓa masa ƙofa. A Turai, idan a garinsa yake, hutun ba ya gaza awa 12. A kwana 28 kuma ba zai wuce awa 100 a sama ba.

Sai da aka yi asarar rayuka kafin a samu dokar Amurkan. A watan Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka mutu. Bincike ya nuna mataimakiyar matuƙin a hanya ta kwana, daga Seattle zuwa Newark, kafin ta kama aiki. Abin takaici, da aka tashi gyara dokar sai aka tsame masu jigilar kaya, alhali su ne suka fi kowa tafiyar dare. A ganina wannan kuskure ne, don barci ba ya leƙa bayan jirgi ya ga ko mutane aka ɗauko ko kwalaye.

Lokacin da aka fi tsoro shi ne daga biyun dare zuwa wajen shida na safe, sa'ad da jiki ke saki ko mutum yana so ko ba ya so. Direban tirela idan ido ya yi masa nauyi sai ya ci goro, in abin ya faskara ya gangara gefen titi ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota. Matuƙin da ke tsakiyar teku ba shi da gefen titi.

Saboda haka Turai da Kanada da Ostireliya suka halatta gyangyaɗi a ɗakin tuƙi, da sharuɗɗansa. Mai jin barci zai sanar da abokin aikinsa, ya miƙa masa ragamar jirgin da rediyo, ya ja kujerarsa baya don kada ƙafarsa ta taɓa wani abu, ya ɗaure bel, ya rufe ido. A tsarin Turai minti 45 ne iyakarsa, domin idan barci ya yi nisa, magagin da zai biyo baya ya fi gajiyar haɗari. In ya farka ma ba zai karɓi jirgi ba sai ya ɗauki minti 20 yana wartsakewa. A halin nan ma'aikatan da ke kula da fasinjoji suna buga waya lokaci lokaci don su tabbatar wanda aka bari gadi idonsa biyu. Hukumar NASA ce ta gwada wannan dabara tun da daɗewa: ta ba matuƙa minti 40, suka yi barcin kusan minti 26, suka sauke jirage cikin natsuwar da ta fi ta waɗanda ba su runtsa ba. Duk da haka Amurka, ƙasar da aka yi binciken, ba ta yarda da gyangyaɗin kan kujera ba. A tafiya mai nisa dai ana ƙara matuƙi na uku ko na huɗu, su riƙa shiga wani ɗan ɗaki mai gadaje bi da bi.

Muhimmin sharaɗi shi ne a yi barcin ɗaya bayan ɗaya. A watan Janairun 2024, a jirgin Batik Air da ya taso daga Kendari zuwa Jakarta, kyaftin ya nemi izini ya kwanta. Mataimakinsa da aka bar wa amana sai barci ɓarawo ya sace shi. Minti 28 suka yi suna sharara tare, masu kula da zirga-zirga suna ta kira ba amsa, jirgi ya kauce hanya, har kyaftin ya farka ya gyara, aka sauka lafiya. Da aka bincika, mataimakin ya samu hutun da doka ta ce a ba shi. Sai dai a gida akwai tagwaye 'yan wata ɗaya, kuma yana taya matarsa raino cikin dare. Takardar kamfani ta nuna mutum ya huta, amma ba ta da gurbin rubuta kukan jarirai. Shi ya sa dole kamfanoni su bar matuƙi ya ce yau na gaji ba tare da fargabar rasa albashi ko ƙarin girma ba.

Mai karatu, ranar da aka sanar a filin jirgi cewa an ɗage tafiyarka saboda awoyin matuƙa sun cika, kada ka ɗaga wa 'yar kanta murya. Nemi kujera ka zauna, a bar bayin Allah su yi barcinsu.