Wuƙar da ba za ta ga albasa ba

Duk watan Afrilu, a garin Eugene na jihar Oregon a Amurka, ana cika wani makeken zaure da ɗaruruwan tebura, kowanne wuƙaƙe ne zube, da yawa daga cikinsu ƙirar hannu. Maƙera na zaune, masu tarin wuƙa na zagayawa suna haɗiyar yawu. Ba a ɗaukar wuƙa sai an nemi izini, kuma kada yatsa ya sauka kan ƙarfen, wai gumi na jawo tsatsa.

Gane maƙeri ba wuya. Dubi hannunsa: nan gashi, can fayau, don a jikinsa yake gwada kaifi. Ƙungiyarsu, American Bladesmith Society, wadda Bill Moran da abokansa suka kafa a 1976, ba ta ba mutum shaidar ƙwarewa sai wuƙarsa ta datse igiya a rataye da sara ɗaya, ta raba katako sau biyu, ta yi aski, sannan a matse ta a lanƙwasa har digiri 90 ba ta karye ba. Wato ka sha zafin wuta kana ƙira, ka lalata abinka da hannunka, a tafa maka.

Masu saye kuwa sai addu'a. Wurin shahararren maƙeri, sai an jefa ƙuri'a kafin a yarda ka biya dubban daloli. Wanda ya dace ya naɗe ta, ya kulle a akwatin ƙarfe, ya riƙa leƙawa yana shafa mata mai. Tumatirin gidansa kuma da dakusasshiyar wuƙar kanti ake yankawa.

In Allah ya kai ku wurin, ku sha kallo, amma kada ku tambayi wacce ta fi dacewa da layya.