Zuwa ga Ɗan Zage-zagi mazaunin Garki

Malam Na-Garki, shekara da shekaru ina neman asalin rowarka, ashe tana rubuce a bayan ambulan. Lambar gidan waya ta Garki, inda ka tare, ita ce 900001. Ranar nan na zauna da biro na juya ta, na rantse kamar ku aka haifa ciki ɗaya.

Da farko mara ce, ba cika ba, ka ga biyu ba ta ci komai ba. Na kawo uku, saura ɗaya. Biyar ma haka. Bakwai ta zo da ƙarfinta, aka bar ta da ragowar huɗu. Sha ɗaya ta tashi da ragowar uku. Kai! Irin lambobin nan ne da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya, sai kuma da kansu. Wato kai da tsiren da ka saya a Area 1, ka shige mota ka ɗaga gilashi.

Kada ka ce sharrin Bakano ne. Mai son tabbatarwa ba sai ya gwada lambobi dubu ɗari tara ba, zai tsaya a 948, domin 949 sau 949 ya riga ya wuce ta. A ciki ma 'yan uwanta marasa rabuwa kawai zai gwada, su 161, daga 2 har 947. Duk sun yi sallama, ba wadda aka ce wa bismilla. In kana musu, kama hanyar Lokoja ka sauka Sheda, a Kwali, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa tana nan. Amma na san ba za ka je ba, akwai kuɗin mai.

Abin haushin, dubi maƙwabciyarta, 900,000. Lambobi 108 ne ke raba ta cif: biyu ta ci, uku ta ci, takwas, tara, ashirin da biyar, kowa da rabonsa. Bakanuwa ke nan, Na-Garki! Ɗaya tak aka ɗora mata, ta zama Bazazzagiya, ta garƙame ƙofa.

To, in yi maka adalci. Sunan birnin Abuja ma naku ne, na Abu Ja, jinin sarautar Zazzau. Gwamnati ta ara, tsohon garin ya koma Suleja. Iyakar kyautar da na san kun taɓa yi ke nan, ita ma da alama ba a yi shawara da kai ba. Kuma irin lambobin nan, manya-manyansu, da su ake kulle sirrin hada-hadar kuɗi a intanet. Marowaci dai ya iya tsaron asusu, wannan kam na sallama.

Abin da ya hana ni barci shi ne, Yukilid na Iskandariya ya tabbatar tun shekara fiye da 2,000 cewa irinku ba sa ƙarewa. Ranar Asabar ina tafe da mutum shida, mu bakwai. A sayo tsire.