Alƙalan Shayi a Fadojin Yamai

A birnin Yamai, daga Bukoki zuwa Yantala, daga Talaje zuwa Harobanda da ke ƙetaren kogin Isa, da wuya mutum ya bi layi guda bayan la'asar bai tarar da fada ba, wato gungun maza, galibinsu matasa, masu zama wuri ɗaya kullum a kan benci ko tabarma, a gindin bangon da suka rubuta sunan ƙungiyarsu, suna hira da karta, butar shayi tana kan gawayi a tsakiyarsu. Irin wannan zama ya yaɗu a biranen Nijar cikin shekarun 1990, bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, lokacin da bakin jama'a ya buɗe amma ƙofar aikin gwamnati ta ƙuntata ga masu takardun makaranta, har ma masaniyar zaman al'umma Adeline Masquelier ta wallafa littafi sukutum a kansa a 2019. Ana tattauna siyasa da ƙwallo da tsadar aure a fada, amma muhawarar da ta fi kowace daɗewa, wadda ta tarbi gwamnatoci da dama ta kuma raka su, ita ce ta wane shayi ne ke bin maƙogwaro lami lafiya ba tare da ya kama harshe ba.

Shayin da ake nufi ba shi ne na teburin mai shayi ba, wanda ake sha da madara da burodi da safe. Koren ganye ne da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin, ana sayar da shi a kantin unguwa cikin ƙananan kwalaye masu giram 25, kuma ganye ɗaya ake dafawa har sau uku: dafuwar farko mai ƙarfi da ɗaci, ta biyu matsakaiciya, ta uku kuwa ruwan sukari ne da ya taɓa gaisawa da shayi. Dalilin bambancin a fili yake, domin ganyen yana ɗauke da sinadarin kafeyin, mai ɗaci da korar barci, da wasu sinadarai da ake kira tanin, waɗanda ke kama harshe su bar shi da bauri, kuma tafasar farko ce ke kwashe mafi yawansu. Ke nan laushin shayi ya rataya ne a kan ingancin ganye da yawansa da tsawon tafasa da adadin sukari, abubuwan da duk ana iya aunawa. Da awo ne kaɗai ke yanke hukunci da tuni an rufe babin, sai dai a fada akwai ƙa'idar da ta rinjayi waɗannan duka, ita ce tsananin hukuncin mutum a kan shayi yana ƙaruwa gwargwadon ƙarancin kuɗin da ya zuba a cikinsa.

Na farko a cikin alƙalan shi ne masanin lamba. Kwalayen shayi suna ɗauke da lambobi irin su 41022 da 4011 da 9371, waɗanda masana'antun Sin ke bambanta darajar ganye da su, da kuma 3505, lambar ganyen da ake murzawa ya zama ƙananan ƙwayoyi, shi kuwa wannan mutum ya haddace su fiye da lambar wayar mahaifiyarsa. Idan yaron aike ya dawo daga kanti, shi ne ke karɓar kwalin, ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya shinshina ido a rufe, ya girgiza kai, sannan ya ce: "Ƙanena, koma ka ce wa mai kanti ba baƙi ne suka aiko ka ba." Yana da tarihi a baki, kuma tarihin nasa ba ƙarya ba ne, domin masana sukan danganta yaɗuwar koren shayi a Maroko da yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, sa'ad da 'yan kasuwar Ingila suka rasa kasuwanninsu na arewacin Turai suka juya kayansu zuwa tashoshin Tanja da Sawira, daga can kuma ayarin raƙuma ya tsallaka Sahara da shi. Illar ita ce yakan fara ba da wannan labari daidai lokacin da ya kamata a sauke buta, kuma ba ya yarda a motsa sai ya kai ayarin Agadas. Abokan zamansa sun daɗe da gano cewa idan aka juye ganye mai araha cikin kwalin 41022 yakan sha ya yaba, ya ƙara da cewa harshe ba ya ƙarya, amma suna ɓoye masa wannan sani saboda zumunci, da kuma saboda arahar.

Na biyu shi ne mai buta, kuma shi kaɗai ne a cikinsu yake da sana'a ta gaskiya. Kayan aikinsa ba su da yawa: ɗan murhun waya irin wanda maƙeran kasuwar Katako ke saƙawa, da ƙaramar buta, da 'yan finjalai, wato ƙananan kofunan gilashi, da tire, da guntun kwali na fifita wuta. Yakan fara wanke ganyen da ɗan ruwan zafi ya zubar, domin ƙura ta fita kaifin ɗacin kuma ya ragu, sannan ya bar shi ya tafasa a hankali, ya sa sukari, ya shiga juye shayin daga buta zuwa finjali, daga finjali zuwa buta, yana ɗaga hannu sama-sama har ruwan ya zama siririn zare. Wannan ɗagawa tana narkar da sukari, tana rage zafi, tana kuma tayar da kumfar da ake jera finjalai da ita, kumfar da ake auna gwanintarsa a kanta. Matsalar mai buta ita ce ya san duk fadar tana hannunsa, don haka ba ya gaggawa ko da ladan ya fara gyaran murya, kuma duk wanda ya ce masa ya hanzarta ya jawo wa jama'a ƙarin juyi goma. Ba ya karɓar suka kai tsaye. In an ce shayin ya yi bauri laifin gawayi ne mai hayaƙi, in an ce ya yi salam laifin ruwan famfo ne, in kuwa an yaba sai ya yi shiru irin na wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Yamai ke haura digiri 40, shi ne mutum ɗaya tilo a unguwa da ke matsawa kusa da wuta da son ransa.

Akwai kuma ma'abocin ɗaci, wanda a wurinsa neman laushi a shayi alamar raunin zuciya ce. Galibi ya taɓa zuwa Agadas sau ɗaya ya dawo da rawani, kuma tun daga lokacin yake magana da yawun Buzaye, alhali su Buzayen da ke zaune a Yamai suna shan nasu shayin ba tare da sun yi wa kowa lacca ba. Dafuwar farko kaɗai yake sha, yana zuƙa da ƙara, jijiyar wuyansa tana tashi, idonsa yana kawo ruwa, yana cewa wannan shi ne shayin maza. Ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni sukan shiga wannan rukuni na ɗan lokaci idan jarrabawa ta matso, su fita da zarar an kafe sakamako.

Mafi ban sha'awa shi ne ma'aikacin da ya yi kwas a Turai, wanda ke biyowa ta fada daga ofishinsa na unguwar Filato da takalmi mai sheƙi. Shi ba ya shan giya, a cewarsa, amma yana da sani mai ban mamaki game da wuski, barasar da ake tacewa daga hatsi: ya san cewa doka ba ta yarda a kira ta da sunan ƙasar Sikotilan ba sai ta shekara uku aƙalla cikin gangar itacen ok, ya san ƙarfinta ba ya kasa kashi 40 cikin ɗari, ya kuma san cewa masu ɗanɗanonta sukan ɗiga mata ruwa kaɗan don kaifinta ya kwanta. Daga nan yake aro kalmomin da yake yi wa shayi hukunci da su, ya riƙe finjali ya duba shi ta hasken fitilar titi, ya kaɗa, ya ce yana jin ƙamshin itace da ɗan hayaƙi a ƙarshen harshe. Maganarsa gaskiya ce, tunda a kan gawayi aka dafa, butar kuma ta kwana biyu ba ta ga sabulu ba. Idan dattijon fada ya tambaye shi: "Yallaɓai, a ina ka san duk wannan?" sai ya amsa cewa a jirgin sama ya karanta, jama'a kuma su ce Allah ya ƙara ilimi, da wata irin murya.

Likitan fada ba ya bukatar dogon bayani. Aljihunsa cike yake da kanumfari da citta da na'ana'a, kowanne da cutar da yake warkarwa, kuma in aka sake masa sai shayin ya koma jiƙo. Kusa da shi mai ciwon sukari yake zama, wanda ke roƙon a rage sukari a dafuwar farko, sannan ya sha finjali biyu a ta uku, wadda ta fi kowace zaƙi, bisa hujjar cewa ita ba ta da ƙarfi.

Sai mai hanci, wanda ba a taɓa ganinsa lokacin karo-karo ba, ba a kuma taɓa rasa shi lokacin rabo ba. Yakan ɓullo daga kwana daidai sa'ad da kumfa ta zauna a finjalai, ya yi sallama mai tsawo, ya ce wucewa yake yi, ya zauna. Tunda al'ada ba ta yarda a hana baƙo shayi ba, kuma finjalan ba su kai yawan mutane ba, shi ake fara miƙa wa, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya bayyana cewa shayin fadar unguwar Lazare ya fi wannan laushi nesa ba kusa ba. A fadar Lazare ma abin da yake faɗa ke nan game da wannan fadar. Shi kuwa wanda ya ba da dala arba'in, wato sefa 200, aka cika kuɗin ganye da sukari da gawayi, galibi mai gyaran babur ne ko tela da ya baro aikinsa na ɗan lokaci, kuma da yake an kira shi ya duba wani aiki ana tsakiyar dafuwar farko, yakan dawo ya tarar da ta uku ta huce. Ba a tambayarsa ra'ayi, shi ma ba ya bayarwa, kuma gobe idan aka zo karo-karo sunansa ake fara kira.