Ardo, Laftof Ba Bajimi Ba Ce

Ardo bawana! Labari ya iske ni har Maiduguri, a bakin direbobin da ke tsallake gadar Wudil, wai ka sayar da maraƙi a kasuwar Juma'a ka shiga Kano ka sayo laftof. Na ce ikon Allah, Bafulatani ya jingine sanda ya kama linzamin kwamfuta.

Sai dai an ce da idon kara ka je. Ka shiga Farm Centre, yaron shago ya miƙo maka wata siririya, ka jinjina ta a hannu ka ce wannan ai ramammiya ce, ba ta ga dusa ba. Ka zaɓi wata jibgegiya kamar bulo, ka ɗaga murfi kana leƙen madannai kamar mai duba haƙoran sa. Yaro ya ce albarka, kai kuma kana waige-waigen dillalin da za ka ba la'ada. To bari in gaya maka abin da ya ji nauyin furfurarka ya haɗiye: a wannan kasuwar, ramammiyar ita ce mai tsada. Taka mai ƙibar tsohon faifai ne a cikinta, irin mai juyawa, shi ya sa in ka kunna ta bayan asuba sai ka shanye kokonka kafin ta buɗe ido. Windows 10 ɗin da ke kanta kuwa, Microsoft ya sake shi a daji tun 14 ga Oktoban 2025. Guzuma ka saya, Ardo.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar fawa banki. A tasha ka saye shi hannun mai talla, an rubuta masa 50,000 ɓaro-ɓaro, ka ji nauyi ka ce wannan ƙosasshe ne. Ko waya ɗaya bai taɓa cikawa ba. Na kirkin ma ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa, don baturan ciki a kan bolt 3.7 suke, waya kuma 5 take karɓa, kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya yake zubewa. Naka da ya faɗi ya tsage, me aka gani? Baturi biyu 'yan mitsi-mitsi da ƙullin yashi.

Yashi, Ardo! Kai da ka tashi a garin da tifofi ke layi a bakin kogi suna kwasar yashi, ka zaro kuɗi aka sayar maka da naku na gida. Wataƙila ma na bayan gidanku ne ya je yawon duniya ya dawo.

Ba raina ka na yi ba. A kara babu mai cin ka, daga nesa kake kallon saniya ka faɗi haihuwarta nawa. Ni ma na taɓa sayen filas wai mai tera ɗaya, na zuba hotunan bikin 'yata kaf, ashe cikinsa giga takwas ne, na baya suna shiga suna danne na gaba. Amma dai nawa ba a yi masa ciko da ƙasa ba.

Abin haushin, jami'ar kimiyya da fasaha tana garinku Wudil tun 2001, yanzu ma sunan Aliko Ɗangote take amsawa. Ƙwaryar fura da nono ɗaya ta isa ɗalibi ya raka ka kasuwa. Girman kai ya hana, wai Ardo ba ya tambayar yaro.

Ina nan tafe Juma'a mai zuwa, a soya mini kifin kogi. Ka sauke laftof ɗin daga kan katifa, hucin da take yi ba tuƙa ba ce, hancinta ka toshe. Fawa bankin kuma kada ka yar, ina gini, yashi ya yanke mini.