Masu Keke a Inuwar Mai Faci

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da suka shekara jingine a zaure suka sake ganin rana a Gozaki. Kakar mai faci ta yanke saƙa. Zauna a inuwarsa rabin yini, ka sha kallo.

Ga Ɗan Tawakkali. Tayarsa ta suɗe kamar tafin hannu, zare ya fito, ya naɗe wurin da roba. Ka ce ya sayi sabuwa, ya ce sai an sayar da auduga. An sayar sau uku ke nan.

Sarkin Lodi kuwa buhun masara ne a kariya, ga ƙullin waken soya a gaba, iska rabi. Da ya faɗa rami a hanyar Malumfashi sai bakin rim ya datse tib, huda biyu reras. Shi dai ƙaya ce. Wace ƙaya ce ke huda biyu a jere kamar an auna? Abokin adawarsa shi ne mai bankar iska har taya ta zama dutse, ya ajiye keke a ranar bazara ya shiga cin tuwo. Fashewar ce ke kiransa.

Akwai Mai Yanke, wanda da kaka yake ratsa gonaki don ya riga kowa isa Kafur. Tsaida da kashin yawo na nan suna jiransa. Yakan isa dai, yana tura keke.

Wanda ya fi cika wa mai faci ciki shi ne Sarkin Sauri. An tsoma tib a ruwa, kumfa ta nuna huda, an kankare, an shafa sholisho. Maimakon ya bari ya sha iska, sai "Malam, manna haka nan!" Mai faci zai zagaya yatsa a cikin taya ya lalubo ƙayar, Sarkin Sauri ya ce ba lokaci. Ƙayar kuwa tana nan daram. Ko fita gari bai yi ba ya dawo yana kumfar baki wai an cuce shi.

Baba mai tsohon Raleigh ne kaɗai ya gagari mai faci. Ya tsaga mataccen tib ya shimfiɗa a cikin taya, kullum da asuba sai ya danna ta da babban yatsa, in ya zo inda aka sare ƙaya don shinge ya sauka ya ɗaga keken. Gaisuwa kawai ke haɗa su.

Saura Ɗan Aro, mai dawo da keke bayan isha'i, ya jingine shi a zaure ba ko sallama. Maƙwabci, na san kana karantawa. Tayar baya ce, kuma faci biyu aka yi.