Oppa Ya Ci Gadon Yaya

Shekara uku ke nan ina koyar da Turanci a aji biyu na ƙaramar sakandare, a wata makarantar kuɗi da ke Gwarinpa, kuma babu darasin da ke sa ni gumi kamar na hira. Manhaja ta ce a zaɓi maudu'i yara su tattauna da Turanci. Na ce kowa ya ba ni labarin garinsu, suka ce garinsu Abuja. Na ce to garin kakanninsu, aji ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Da na kawo zancen noma kuwa, wani ya saki hamma har ina hango hakin wuyansa.

Rannan na kama wata takarda tana yawo ƙarƙashin benci, cike da da'irori da 'yan sanduna. Na ɗauka hatimi ne. Mai ita ta ce, "Onkul, Hangul ne, rubutun Koriya." A makarantun Abuja malami Onkul ne, ko da ya aurar da jika. Nan take ta karanto min cewa Sarki Sejong ne ya samar da shi a ƙarni na 15. Yarinyar da har yau ba ta san akwai ƙugiya a kan harafin farko na "ƙasa" ba.

Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Mako na gaba na rubuta al'adun Koriya a allo, sai ga hannuwa sama kamar ana rabon kuɗi.

Kada a ɗora wa yaran laifi su kaɗai, gado suka yi. Iyayensu mata ne suka kwana gaban talabijin kan fina-finan Koriya irin su Jumong na 2006 da Boys Over Flowers na 2009, a faifan da aka sayo kasuwar Wuse, tuwo na ƙonewa a kicin. A 2010 Koriya ta Kudu ta buɗe cibiyar al'adunta a nan Abuja, irinta ta farko a Afirka, ana koyar da harshe da takwando, ana gasar rawar K-pop. Da Squid Game ya fito a 2021, ai ƙofa a buɗe ya tarar.

Wani yaro ya miƙe, da Turancin da ban taɓa sanin yana da shi ba, ya ce a Koriya ƙarami ba ya kiran babba da gatsal ɗin sunansa: yarinya ta ce wa yayanta oppa, ta ce wa yayarta onni. Wata ta ce ana miƙa wa babba abu da hannu biyu. Wata ta ce ba a shiga ɗaki da takalmi, kuma ba a sa hannu a abinci sai dattijo ya fara. Suna faɗa suna lumshe ido don sha'awa. Na ce, "To wannan ai gidan kakata ne a Zariya." Suka haɗa baki, "Haba Onkul, ba ɗaya ba ne!" Na yi ta neman bambancin. Iyakar abin da na gano, in Bakoriye ya rusuna akwai kiɗa mai taushi a bayansa, iska na kaɗa masa gashi.

Aka shiga abinci. Yaron da ke toshe hanci in ya ji daddawa a miyar kuka shi ne ya yi mana bayanin doenjang, waken soya da ake jiƙewa a tulunan ƙasa wata da watanni har ya yi wari. Ya ce wannan warin na lafiya ne. Uwarsa ta gaya min yanzu da tsinke biyu yake cin taliya, rabi a baki rabi a riga.

Ni ma na ci ribar darasin. A wurinsu na ji, na kuma tabbatar, cewa ranar jarrabawar shiga jami'a a Koriya, cikin Nuwamba, ana dakatar da tashi da saukar jirage lokacin da ɗalibai ke gwajin sauraren Turanci. Ni nawa gwajin da janaretan maƙwabta muke yin sa, shi ne ma ke cinye makin.

Akwai dokar tara a ajin: wanda ya yi banakula naira hamsin. Da aka tashi na karɓi takardar monita. Wadda ta yi ta cewa "aigo" tun safe ba ta ciki. Wanda kujera ta matse wa yatsa ya ce "wayyo" shi ne na ɗaya.

Ranar ziyarar iyaye wata tsohuwa ta zo daga Katsina ganin jikarta. Yarinyar ta sheƙo, ta tsaya cak, ta haɗe ƙafa, ta lanƙwasa baya tana cewa annyeonghaseyo. Tsohuwa ta dube ni, ta dube ta.

"Malam, ciwon baya take yi?"

"A'a Hajiya, gaisuwa ce."

"To in gaisuwa ce ta kai gwiwa ƙasa mana."

Yarinyar ta ɗago, ta tura baki. "Kai Hajiya, wannan ai ƙauyanci ne."