Rabin Incin da Ba Rabin Inci Ba

Ni malamin lissafi ne, kuma da wannan matsayi na tsoma baki a maganar taraktar Kawu, ba tare da kowa ya gayyace ni ba.

Kawu yana zaune a Saga, bakin hanyar Kollo in ka baro tsakiyar Yamai, inda ake noman shinkafa rani da damina da ruwan da famfuna ke ɗagowa daga kogin Isa. Taraktarsa tsohuwar Massey Ferguson ce. An ce ja ce a da, yanzu kuwa launinta sai Allah. Aikinta jan remok: ta kai taki bakin gona, ta kwaso buhunan shinkafa. Remok ɗin mai juyewa ne, mai ke tura sandar da ke ɗaga shi, kuma tiyon da ke kai man ne ya fashe ana tsakiyar aiki.

Direban ya kwance tiyon ya miƙo mini, yana ɗigar da baƙin mai. Ya ce, "Malam, tunda gari za ka, ka tafi da shi a yi irinsa." Na dubi farar shaddata, na dubi tiyon. Na ce masa zamani ya wuce nan, ya faɗa mini lamba kawai. Ya sosa ƙeya ya ce, "Dami ne." Rabin inci ke nan. Na rubuta a tafin hannu na tari taksi.

A kasuwar Katako, in ka ce ba ka samu abu ba, to ba ka iya tambaya ba ne. Na sami wani saurayi mai injin matse tiyo, ya jawo wani gwangwani cike da rakor, ƙarafan da ake sa wa bakin tiyo, ya zazzage a kan tebur. "Alhaji, gaz ko metirik ko jik? Namiji ko mace?" Na ce masa ni ba aure na zo ɗaurawa ba, rabin inci nake so. Ya zaro namiji ɗaya da macensa ya ajiye. Na ciro rular ɗalibai daga aljihu na auna namijin: milimita 21.

Nan fa jinin malanta ya motsa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, rabinsa 12.7, wannan ko ɗan aji shida ya sani. Na yi masa darasi a tsaye, maƙwabtansa suka taru suna saurare. Da na gama ya ce, "Malam, duk duniya wannan ne dami." Na ce to duniya ta koma makaranta. Na tona gwangwanin da kaina har na samo mai milimita 13, na ce shi za a sa a baki biyu. Ya ce abin da injin ya matse ba ya dawowa. Na ce ba zai dawo ba. A nan kam na faɗi gaskiya.

Da na koma Saga, notin nawa ya zauna a kan bakin taraktar kamar hular yaro a kan ƙaton mutum. Direba ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Kawu bai ce uffan a kan tiyo ba. Sai ya tambaye ni, "Ɗana, ya mutanen gidan? Ya makaranta?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na auna bakin taraktar da kaina. Rula ta nuna wani abu tsakanin 21 da 22. Ƙa'idar da nake koyarwa ita ce a cike zuwa sama, saboda haka na cike. Saurayin Katako ya karɓe ni da fara'ar da ake yi wa mai kawo jikkuna, ya matsa mini noti biyu na metirik, M22. Kuma ku ji ikon Allah: a wajen remok notin ya shige sumul da yatsu kawai, har ƙarshe. Na waiwaya na dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

A wajen tarakta kuwa ya yi zagaye biyu ya cije. Na ce tsatsa ce. Aka naɗa farin teflon har zaren ya ɓace. Yaron mota ya kawo kile, ya zura masa guntun bututu don ƙarin tsawo, ya hau da dukan nauyinsa. Notin ya yi wani kuka ya ƙara zagaye ɗaya. Na ce, "Kun gani? Ƙarfe ma yana jin magana."

Remok ɗin cike yake da takin shanu tun ranar da tiyo ya fashe. Direba ya tada inji ya ja liba. Remok ya fara ɗagawa, yara suka yi shewa, ni kuma na matso kusa don a san mai aikin. Ya kai rabi, taki ya fara gangarowa, sai mai ya yi tsartuwa ta gefen notin. Remok ya koma ya zauna da ƙara. Rabin takin ya zube a hanyar da mata ke bi zuwa gonaki, man kuma ya zaɓi shadda ta biyu da na mallaka. Wata tsohuwa mai tallan kopto ta tsaya ta dube ni daga hula zuwa takalmi, ta faɗi wata magana da Zabarmanci wadda har yau ba wanda ya yarda ya fassara mini.

Sai a lokacin Kawu ya aika Gamkalle aka ɗauko wani dattijon makanike, Bazabarme. Da ya ji ni Bagobiri ne sai ya ce, "Shi ke nan, na gano ciwon taraktar." Na miƙa hannu zan nuna masa inda man ke fita, ya buge hannun da gaske. Ya ce ƙarfin man tarakta yana kusan kaiwa bar 200, in ya fito ta ƙaramar kafa yana huda fata ya shige nama, mutum ya ɗauka ƙaya ce, ƙarshe a yanke yatsa. Da kwali ake neman yoyo. Wannan ita kaɗai ce maganarsa da ba dariya a ciki.

Ya ciro ma'aunin makanikai mai baki biyu, da wasu 'yan faifan ƙarfe masu haƙora kamar zarto. Ya kwance notina da ƙyar, ya auna abin da ya rage na bakin taraktar: 20.9. Ya gwada faifan haƙora ɗaya bayan ɗaya har wanda aka rubuta wa 14 ya kwanta a zaren ba haske a tsakani. "Gaz ne, dami. Zare 14 a inci. Naka kuma tsakanin zare da zare milimita ɗaya da rabi ne, wannan 1.8. Zagaye biyu za su yi suna gaisawa, a na uku su fara faɗa." Ya ce akwai jik na Amurka mai 22.2, shi ma zare 14, da wani na Amurkan mai tsukewa zuwa baki, 21 da 'yan kai. Huɗu ke nan da ido ba ya rabawa.

Sannan ya sa ni leƙa cikin bakin. A irin waɗannan rakor, in ji shi, ba zare ke tare mai ba, zare ja kawai yake yi. Bakin ne ke toshewa. Na gaz rami ne mai digiri 60, jik hanci ne mai tsini na digiri 37, metirik rami ne na digiri 24, akwai kuma mai shafaffen baki da zoben roba. Teflon ɗina dai ado ne. Ya ƙara da cewa ko a metirik ɗin sa'a na ci, don M22 iri biyu ne, na bututu 15 da na bututu 14, zarensu ɗaya amma bakinsu daban. Tarakta daga Ingila, remok ƙirar gida da sandar da aka ciro daga wata motar Turai: tiyo ɗaya, ƙasa biyu.

Na je na bincika, don in san wa zan kama. Wani Bature ne, Joseph Whitworth, ya tsara zaren Ingila a 1841 da kusurwar digiri 55. A 1864 William Sellers na Amurka ya fito da nasa mai digiri 60. Rabin incin kuwa ramin cikin tsohon bututu ake nufi, ba kaurin zaren ba. Wato lissafina daidai yake, Turawa ne suka auna wani wuri suka sa wa wani wuri suna. Na bayyana wa dattijon haka, na kuma tuna masa cewa baki ɗaya cikin biyu na ci, goma bisa ashirin ke nan, kuma a makarantun Nijar da goma ake wucewa aji na gaba. Ya ce, "To Bagobiri, ka wuce. Ka wuce ka kwaso takin."

Shi ya je Katako da kansa, tsohon tiyo a cikin buhu. Ya dawo da sabon tiyo mai gaz a baki ɗaya, metirik a ɗayan, da sabon bakin tarakta a madadin wanda muka cinye wa zare. Kafin la'asar remok na juye taki inda ya kamata. Kuɗin duka daga aljihuna ya fita, Kawu ya sa mini albarka.

Yanzu haka ina da tiyo biyu a ɗaki. Ɗaya sabo fil, mai milimita 13 ɗin nan, kwata na gaz a baki biyu, bai taɓa ganin mai ba. Ɗayan M22 ne, baki ɗaya lafiya lau, ɗaya bakin kuma sai an yi haƙuri. Duk mai tarakta daga Saga zuwa Libore har Kollo da yake ganin za su yi masa, ya neme ni, zan yi ragi. Amma ya zo da tsohon tiyonsa, don ba na karɓar lamba da baki.